Hakkin Aku A Kan Mai Kiwonsa

A gidajen attajirai da manyan ma'aikata da yawa ana samun kejin aku a tsakar gida ko a gindin bishiya, mai gida yana alfahari da shi idan ya amsa wa baƙo sallama. Tambayar da ya kamata mai irin wannan kiwo ya yi wa kansa ita ce, shin Shari'a ta yarda a tsare tsuntsu a keji, kuma idan ta yarda, bisa wane sharaɗi?

Malamai sun kafa hujja da labarin ƙanen Anas ɗan Malik, wato Abu Umair, yaron da yake da wani ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Annabi (S.A.W.) kuwa ya sani bai hana ba, har ma ya tambaye shi labarinsa yana rarrashinsa da tsuntsun ya mutu. Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi, kuma daga nan aka fitar da halaccin ajiye tsuntsu. Amma su biyun sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ci da ita ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya tsare mai rai ya hana shi neman ci da sha, ya kuma hana shi gudun tsira. Saboda haka cinsa da shansa da tsaronsa duk sun koma wuyan mai kejin.

Batun tsaro shi ne aka fi sakaci da shi. Aku kuturu, mai launin toka da jan wutsiya, tsuntsun kurmi ne na kudancin Nijeriya da Kamaru da Kwango, inda yake kwana a ƙololuwar bishiya cikin 'yan'uwansa. A tsakar gida kuwa maƙiyansa na zuwa ta ko'ina. Muzuru ba ya bukatar shiga keji, sai ya jira dare ya sa farce ta ramin waya ya kama ƙafar tsuntsun da ya maƙale a jikinta. Ɓera da gafiya sukan haƙo ta ƙasa saboda ƙwayar da ta zube, su ɓata abinci da fitsarinsu, wani lokaci su gwaguyi yatsun tsuntsu yana barci. Inda ɓera ya saba zuwa kuwa, maciji na tafe. Shaho da mujiya, ko ba su kai gare shi ba, saukarsu a kan keji ta isa ta firgita aku ya yi ta karo da waya cikin duhu har ya karya fiffike, ko sabon gashin da ke da jini a gindinsa ya karye ya yi ta zuba.

Maganin yawancin wannan a wajen maƙeri da magini yake. A nemi waya mai kauri, domin bakin aku yana datse siririya, kuma raminta kada ya wuce rabin inci. Wayar kaji da ake yawan sawa don arha ba ta tsare kome. A yi waya ruɓi biyu da tazarar kamar inci biyu a tsakani, yadda farce ba zai kai ciki ba. A dafe ƙasa da siminti, in kuwa ba hali a binne waya ƙafa ɗaya ko fiye a kewaye. Ƙofa ta zama biyu, a rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki, a kuma sa kwaɗo, gama aku da kansa yakan koyi zare sakata. Sashe guda na kejin a rufe shi sama da gefe ya zama makwanci, a riƙa share ƙwayar da ta zube kafin magariba.

Akwai kuma cutar da ke fitowa daga kejin kansa. Sabuwar waya mai ruwan tutiya guba ce ga tsuntsun da ba ya barin tauna, sai a goge ta da buroshi da ruwan khal a wanke kafin a sa shi, haka nan tsohon fenti mai dalma. Rufin kwano tsirara a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce awo 40, ya zama tanda, sai an shimfiɗa masa zana ko an kafa kejin a inuwa. Da hunturu kuwa a kare gefen da iska ke bugowa, domin tsuntsun kurmi bai san bushewar iskarmu ba. A nisanta shi da hayaƙin madafa da feshin maganin sauro. Kada a ba shi fiya ko gyaɗar da ta yi funfuna. Ɗaure ƙafa da sarƙa, wanda har yanzu ake gani a ƙofar kantuna, ba shi da wani uzuri a ganinmu, domin da ya firgita ya zabura sai ƙafar ta goce ko ta karye.

Ga fatake akwai wata magana dabam. Wani bincike a Gana ya nuna cewa daga 1992 aku kuturu ya ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari, saboda kamu da saran daji. A 2016, a taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg, aka hana cinikin wanda aka kamo a daji tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya tana cikin yarjejeniyar. Da yawa daga cikin waɗanda ake kamowa a hanya suke mutuwa kafin su kai kasuwa. Wanda ya riga ya mallaki aku kuwa ya san cewa yakan kai shekara arba'in ko fiye a hannun mutum, don haka ya dace tun yanzu ya faɗa wa iyalinsa wanda zai ɗauki nauyinsa idan aka yi masa canjin wurin aiki, ko ya tafi Hajji, ko ta Allah ta kasance.