Idan Tsoron Haihuwar Baya Ya Ƙi Barin Zuciya: Bayani Kan Maganin Motsa Idanu

Uwargida mai juna biyu, a duk ranar awo ana gwada jininki, ana auna nauyinki, ana kuma sauraron bugun zuciyar abin da ke cikinki. Amma akwai wata matsala da ma'auni ba ya nunawa, sai idan ke kika faɗa da bakinki. Ita ce firgitar da kan zauna wa mace a zuciya bayan ta sha wuya a haihuwar da ta gabata: doguwar naƙuda, ko jijjiga, ko zubar jini mai yawa, ko tiyatar gaggawa, ko kuma ta haihu ɗan bai zo da rai ba. Jiki ya warke, an yi wankan jego an gama, amma ranar ta ƙi wucewa. Da zarar sabon ciki ya shiga, sai tsoron ya dawo sabo.

Yadda za ki gane matsalar

Ba kowace fargaba ce cuta ba. Kusan duk macen da ta ga wuya takan yi 'yan makonni tana tunanin abin, sannan ya riƙa raguwa da kansa. Abin da ke buƙatar magani shi ne wanda ya haura wata guda bai sauka ba, har yana hana ki barci ko harkokin gida. Hoton ɗakin haihuwa yakan faɗo miki ba ki kira shi ba, kamar yanzu abin ke faruwa. Kina yawan mugun mafarki. Warin maganin asibiti ko kukan jariri yakan sa gabanki ya faɗi, gumi ya karyo miki. Kina zabura da ƙaramin motsi, kina saurin fushi, kina kauce wa duk hirar da ta shafi haihuwa. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa mata 3 zuwa 4 cikin 100 kan kamu da wannan lalura bayan haihuwa, kuma adadin ya fi haka nesa a cikin waɗanda suka gamu da babbar matsala.

Abin da ya fi damun mu ma'aikatan lafiya shi ne gudun asibiti. Wata za ta daina zuwa awo, ko ta ɓoye naƙuda har sai ta yi nisa, don kawai kada a mayar da ita wurin da ta firgita. Alhali macen da aka taɓa yi wa tiyata, ko ta taɓa jijjiga ko zubar jini, ita ce ta fi kowa buƙatar haihuwa a gaban likita. Kin ga ke nan tsoron da ake rainawa yana iya jefa rai biyu cikin haɗari.

A al'adarmu ana yabon mace mai dauriya, wadda ba a ji kukanta ba a naƙuda. Idan ta yi ƙorafi daga baya, sai a ce mata, "Ki yi haƙuri, ki gode wa Allah da kika tashi." Haƙuri da godiya abubuwa ne masu kyau, kuma wannan lalura ba ta nuna cewa ba ki da su. Kamar ƙaya ce da ta karye a tafin ƙafa fata ta rufe a kanta: daga waje ba a ganin komai, amma duk lokacin da aka taka wurin sai an ji ta.

Mene ne maganin motsa idanu?

Magani ne na zama da ƙwararre, ba ƙwaya ba allura. Likitoci suna kiransa EMDR a taƙaice, kuma yana da kyau ki riƙe waɗannan haruffa huɗu don tambaya. Wata masaniyar halayyar ɗan'adam 'yar Amurka, Francine Shapiro, ita ta ƙirƙiro shi. A shekarar 1987 tana tafiya a wani lambun shaƙatawa sai ta lura cewa idan idanunta suka riƙa kai da kawowa da sauri, tunanin da ke damunta yakan rage zafi. Ta gwada hanyar a kan mutanen da suka ga tashin hankali, ciki har da tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam da waɗanda aka yi wa fyaɗe, ta buga sakamakon a 1989. Da farko masana da yawa sun yi mata kallon mai tatsuniya. Bayan an yi ta gwaji shekara da shekaru, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin hanyoyin da ta amince da su wajen magance firgitar da ke biyo bayan mummunan abu, ga manya da yara.

Yadda ake yin sa

Ba a fara motsa idanu a ranar farko. Aikin yana da matakai 8, kuma na farkon duk shiri ne. Mai maganin zai saurari tarihinki, ya tambayi lafiyar jikinki da halin da kike ciki a gida. Sannan zai koya miki yadda za ki kwantar da hankalinki da kanki, misali ta hanyar jan numfashi a hankali da kawo hoton wani wuri da kike jin natsuwa a cikinsa, ko da ɗakin mahaifiyarki ne ko inuwar wata bishiya a garinku. Ƙwararren da ya san aikinsa ba ya tsallake wannan mataki.

Idan kin shirya, za a nemi ki zaɓi hoto ɗaya, wanda ya fi ci miki rai a cikin abin da ya faru. Wata lokacin da aka tura ta ɗakin tiyata ne, wata kuma shirun da ɗakin ya yi bayan ta haihu. Za a tambaye ki wace magana kike faɗa wa kanki idan hoton ya zo. Sau da yawa maganar ita ce "mutuwa zan yi", ko "laifina ne", ko "ba ni da mai taimakona". Za a kuma tambaye ki abin da kike so ki yarda da shi a madadin haka, kamar "abin ya wuce, na tsira", ko "na yi iyakar ƙoƙarina". Sai ki auna zafin da kike ji daga 0 zuwa 10, ki nuna inda kike jin sa a jiki, ƙirji ne ko mara ko maƙogwaro.

Daga nan sai ki riƙe hoton a zuciya, mai maganin ya ɗaga yatsunsa biyu yana kai su dama da hagu a gabanki, ke kuma kina bin su da ido ba tare da juya kai ba. Kamar rabin minti ake yi, sai a tsaya. Ki ja numfashi, ki faɗi abin da ya zo miki a taƙaice, a sake wani zagayen. Haka za a yi ta yi har zafin ya sauko. Idan ya sauka, sai a ƙarfafa sabuwar maganar da kika zaɓa, a bi jiki a ga ko akwai sauran inda ya ɗaure. Ba a sallamarki sai hankalinki ya kwanta. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 60 zuwa 90, yawanci sau ɗaya a mako, kuma galibi ana yin zama 6 zuwa 12. Wadda ta ga wahalhalu da yawa tun ƙuruciya takan buƙaci fiye da haka.

Idan kina da ciwon ido, ko bin yatsu yana sa ki jiri, akwai wata hanyar: ki riƙa bubbuga gwiwoyinki ko kafaɗunki da hannunki, dama sannan hagu, ko a sa miki sauti a kunne ɗaya bayan ɗaya. Wani abin da mata da yawa ke jin daɗinsa shi ne ba dole ne ki zayyana komai dalla-dalla ba. Abin da kunya ta hana ki furtawa kina iya riƙe shi a zuciya, aikin ya ci gaba.

Me ya haɗa ido da tunani?

Bayanin da ya fi samun goyon bayan bincike mai sauƙi ne. Ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe ayyuka biyu da cikakken ƙarfi a lokaci guda. Ki tuna yadda lissafi ke kuɓuce miki idan kina ƙirga kuɗin adashe wata tana yi miki hira. To idan kina tuno mummunan hoton kuma ido yana aikin bin yatsu, hoton ba ya samun dukkan ƙarfin da ya saba zuwa da shi. Sai ya dusashe, ya koma ma'ajiya a dusashe. Har yau masana suna jayayya kan ko motsa idon ne ke yin babban aikin, ko kuwa fuskantar tunanin a gaban wanda aka amince da shi. A ganinmu wannan jayayya ba za ta hana ki karɓar maganin ba, tunda ɓangarorin biyu sun yarda mutane suna samun sauƙi.

Ba tsafi ba ne, ba siddabaru ba ne, ba a kuma gusar miki da hankali. Idonki biyu, kuma da kin ɗaga hannu za a tsaya. Ba ya goge tunani: za ki ci gaba da sanin abin da ya faru, wadda ta rasa ɗa za ta ci gaba da kewarsa. Abin da ke sauyawa shi ne za ki iya tunawa ba tare da jikinki ya ɗauki rawa ba. Ba ya kuma hana ki addu'o'inki.

Ko ya dace da mai ciki?

A da ana jinkirta shi sai bayan haihuwa don gudun kada tashin hankalin zaman ya taɓa cikin. Gwajin da aka yi da mata masu ciki a ƙasar Holan bai nuna wata illa ga uwa ko jariri ba, sai dai binciken bai yi yawa ba tukuna. Saboda haka shawara ce da za a yanke tsakaninki da likitan mata da mai maganin. Ki sanar da su idan kina da hawan jini, farfaɗiya, ciwon zuciya, ko kina ganin jini. Ki kuma sani cewa a kwanakin farko kina iya jin gajiya, kuka, ko mafarkai masu yawa kafin abin ya lafa. Kada ki gwada shi ke kaɗai daga abin da kika gani a waya, kada kuma ki bari wanda bai sami horo ba ya yi miki.

Waɗanda suka sami wannan horo ba su da yawa a ƙasar nan. Idan ba a samu ba, akwai maganin tattaunawa da ke gyara tunani da ɗabi'a game da abin da ya faru, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi daidai da wannan. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne sayen ƙwayar barci irin su Valium a kemis. Ba ta warkar da wannan lalura, tana kama jiki, kuma ba a shan ta da ciki sai da izinin likita.

Maigida da iyaye, idan kun ga alamun nan, ku saurare ta ba tare da gaggawar rufe mata baki ba, ku kuma raka ta awo. Kada a yanke cewa iska ce a zauna a gida. Faɗuwar gaba da haki suna iya zama ƙarancin jini ko ciwon zuciya, don haka sai an fara duba jikinta. Idan kuwa ta rikice, ko tana jin muryoyi, ko ta yi maganar cutar da kanta ko jariri, wannan ba na jiran ranar awo ba ne, a kawo ta sashen gaggawa nan take.

Ke kuma uwargida, a awo na gaba ki ce wa nas ko unguwarzoma, "Haihuwata ta baya tana damuna har yanzu." Wannan ya isa a fara. Ki nemi a rubuta a katinki abin da ya faru da abin da kika fi tsoro, domin waɗanda za su karɓi haihuwarki su sani tun kafin ranar, sannan a tura ki sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan kin fi sakewa da mace, ki faɗa tun a lokacin da ake rubuta miki takardar.