Yawuri, Shanga da Ngaski: Yadda aka raba iko tsakanin Abuja da Birnin Kebbi

Masuncin da ya tura kwalekwalensa daga gaɓar Wara ya shiga Tafkin Kainji yana ƙarƙashin gwamnatoci biyu a lokaci guda. Zirga-zirgar jiragen ruwa a Kogin Neja da rassansa harka ce ta tarayya, Majalisar Dokoki ta Ƙasa kaɗai ke yi mata doka. Amma kifin da zai kamo harka ce ta jiha, domin Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya cire kamun kifi a koguna da tafkunan cikin gida daga hurumin Abuja. Wannan rabon iko shi ne ginshiƙin tsarin tarayya, kuma wanda bai san shi ba yakan kai kukansa inda ba za a share masa hawaye ba.

Wane iko ke hannun wa?

A yadda aka fara shi a 1999, kundin ya ware abubuwa 68 da tarayya kaɗai ke da hurumi a kansu. A ciki akwai tsaro, 'yan sanda, kuɗin ƙasa, harkokin waje da ma'adinai. Ke nan lasisin haƙar zinaren ƙasar Yawuri daga Abuja yake fitowa, ba daga Birnin Kebbi ba. Akwai kuma jeri na biyu da tarayya da jihohi suke tarayya a kansa, kamar ilimi mai zurfi da wutar lantarki. Idan dokar jiha ta ci karo da ta tarayya a nan, ta tarayya ce ke rinjaye. Abin da bai shiga jerin biyu ba, irin su masarautu, na jiha ne.

Bambancin ya fito fili a 2021. Jirgin ruwan da ya nutse a kusa da Wara a watan Mayu, ya halaka mutane da dama, a hanyar ruwan da hukumar tarayya ta NIWA ke kula da ita ya nutse. Makarantar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibanta a Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni ta tarayya ce, haka ma 'yan sanda da sojojin da tsaron yankin ya rataya a wuyansu.

Zauruka biyu

Majalisar Dokoki ta Ƙasa tana da zauruka biyu. Majalisar Dattawa kujeru 109 gare ta: uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja. A nan Kebbi da Kano daidai suke. Majalisar Wakilai kuwa kujeru 360 ne da aka raba bisa yawan jama'a, shi ya sa Kebbi ke da takwas, Kano na da 24.

Yawuri, Shanga da Ngaski mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai. A Majalisar Dattawa suna cikin Kebbi ta Kudu tare da Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu, kujerar da Garba Musa Maidoki ya karɓa daga Bala Ibn Na'Allah a zaɓen 2023. Saboda haka mai ƙuri'a a Shanga yana da murya biyu a Abuja, ban da ɗan majalisarsa na jiha, ɗaya daga cikin 24 da ke zama a Birnin Kebbi.

Yadda ƙudiri ke zama doka

Ƙudiri yakan bi karatu na ɗaya da na biyu, ya tafi kwamiti inda ake iya sauraron ra'ayin jama'a, sannan karatu na uku. Dole zaurukan biyu su amince da shi kalma da kalma. Shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowane zaure na iya mayar da shi doka ba tare da shi ba.

Sai dai sa hannu ba shi ne ƙarshen tafiya ba. An kammala madatsar Kainji a 1968, bayan an tayar da dubban mutane daga tsibirai da ƙauyukan bakin kogi. Dokar kafa hukumar HYPPADEC, wadda aka ɗora wa kula da al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa, ta samu sa hannu a 2010, amma sai da aka kwashe kimanin shekara goma kafin hukumar ta fara aiki. A irin wannan giɓi ne sauran ayyukan majalisa biyu ke da nauyi: amincewa da kasafin kuɗi, da ikon bincike da sashe na 88 ya ba ta kan yadda hukumomi ke kashe abin da aka ware musu. Rijiyar burtsatse da rabon babura ba sa cikin ayyukan da kundin ya lissafa wa ɗan majalisa.

Idan kujera ta zama babu kowa

A tsarin shugaban ƙasa, mutum ba ya zama ɗan majalisa kuma minista a lokaci guda, saɓanin Ingila inda daga cikin majalisa ake ɗauko ministoci. Da Yusuf Tanko Sununu, wakilin Yawuri, Shanga da Ngaski, ya yi rantsuwar zama ƙaramin ministan ilimi a watan Agustan 2023, kujerarsa ta faɗi kamar yadda sashe na 147 ya tanada. Sai a watan Fabrairun 2024 INEC ta gudanar da zaɓen cike gurbi. A tsakanin nan aka yi muhawara aka amince da kasafin 2024 ba tare da wakilin mazaɓar a zauren ba.

Abin da ke hannun mai zaɓe

Sashe na 69 ya ba jama'a damar yi wa ɗan majalisa kiranye: fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa su sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Sharaɗin yana da tsauri, kuma tun 1999 ba a taɓa cire ɗan majalisar tarayya ta wannan hanya ba. Hanya mafi kusa ita ce akwatin zaɓe, duk shekara huɗu. Tun gyaran kundin na 2018 kuma, ɗan shekara 25 daga Yelwa ko Wara na iya neman kujerar Majalisar Wakilai ko ta jiha da kansa.