Daga Ayoru zuwa gidan likita: binciken da ke komawa wurin masu shi

A cikin shekara ta 1954 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya isa Ayoru, a bakin kogin Kwara, ɗauke da injin wuta da na'urar haska silima. Shekaru uku kafin nan ya ɗauki hoton masuntan Sorko suna farautar dorina. Da dare ya yi aka rataya farin ƙyalle, mutanen gari suka taru, suka ga kansu cikin jiragensu, suka ga waɗanda suka riga su gidan gaskiya suna motsi kamar suna da rai. Sai da suka sa aka maimaita musu hoton sau da yawa, sa'an nan suka fara gyara masa aiki. Babban laifin da suka kama shi da shi kiɗa ne, domin ya ɗora kiɗa a bisa wurin farauta, su kuwa sun san dorina tana da kunne, shiru ake yi mata. Rouch ya karɓi gyara, ya cire kiɗan. A wannan zama ne kuma abokinsa Damure Zika ya kawo shawarar su yi wani silima na daban, wanda ya zama Jaguar, labarin samarin da ke tafiya cin rani ƙasar da ake kira Gana a yau.

Rouch ya zo Nijar a shekara ta 1941 yana injiniyan hanyoyi, daga baya ya zama mai binciken al'adun Sonrai, ya rubuta littattafai da Faransanci waɗanda masuntan Ayoru ba su iya karantawa. Hoto kuwa sun gan shi da idonsu, sun kuma yi masa hukunci. Tun daga ran nan ya riƙe wannan ɗabi'a ta mayar wa mutane abin da ya ɗauko daga gare su, har ya rasu cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004, aka yi masa kabari a Yamai. A ƙarƙashin inuwarsa ne Umaru Ganda ya koyi sana'a, shi wanda silimansa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin silima na Wagadugu a 1972.

Abin da ya faru a Ayoru shi ne ma'aunin da ya kamata a auna duk binciken da masana ke yi a ƙasar nan da shi, ko na tarihi ne, ko na shari'a, ko na lafiya: shin ya koma wurin mutanen da aka bincika, har sun sami bakin gyara shi?

Gidan bincike ya girmi jami'a a Nijar. Tun 1944 aka buɗe reshen IFAN a Yamai, wato cibiyar binciken da Faransawa suka kafa da hedkwatarta a Dakar. Jami'ar Yamai ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 1973, bayan shekara biyu tana matsayin cibiyar ilimi mai zurfi. A 1974 aka haɗa tsohon gidan binciken da ita, da sunan IRSH. A 1992 aka raɗa wa jami'ar sunan Abdu Mumuni, masanin da ya ba da rayuwarsa ga binciken ƙarfin hasken rana.

Fannin tarihi shi ne ya fara yin ƴaƴa. Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa juyin mulkin 1974, ya yi shekaru yana tara tsofaffin takardun Larabci da na ajami daga hannun malamai da gidajen sarauta, waɗansu ya saya, waɗansu ya sa aka kwafe. Su ne tushen ɗakin ajiyar IRSH, mai ɗauke da dubban takardu. A 1971 Andire Salifu ya fitar da tarihin Damagaram a ƙarni na 19, a 1975 Jibo Hamani ya fitar da tarihin Adar kafin zuwan Nasara. Dukansu biyu sun zauna gaban tsofaffi da maroƙa da fadawa, suka saurari abin da aka gada baki da baki, suka gwada shi da abin da ke rubuce. A lokacin akwai masana a Turai da ke ganin maganar baka ba hujja ba ce. Cibiyar tattara tarihin baka da aka kafa a Yamai a 1968 da taimakon UNESCO, wadda ake kira CELHTO, amsa ce gare su.

Amma fitar da sakamako a fili yana da nasa haɗari, kuma Bura shaida ce. A 1975 aka gano wurin a yammacin ƙasa, a 1983 Bube Gado ya haƙa shi bisa ƙa'ida, ya tono tukwanen binne mamata da gumakan yumɓu masu ban mamaki, har da mahayin doki. Da aka zagaya da kayan a baje kolin Faransa da ƙasashen Afirka ta Yamma cikin shekarun 1990, dillalan kayan tarihi suka san darajarsu. Talakawan yankin, waɗanda fari ya gallaba, suka shiga tono suna sayarwa da araha, aka lalata makabartu masu yawa kafin masana su auna su. Labari ya kai Pari kafin ya kai ƙauyen da ke zaune a bisa dukiyar.

A fannin shari'a, abin da ya fi taɓa manomi shi ne gona. Tun dokar tsarin shari'a ta 1962, alƙali yana bin al'adar masu ƙara a kan aure da saki da gado da rikicin gonakin da ba su da takarda, da mashawarta na al'ada zaune kusa da shi. A watan Maris na 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ta ba mallakar gargajiya daraja ɗaya da mallakar takarda, ta kuma haifi kwamitocin filaye da ake kira Kofo. Doka ce mai kyau a rubuce. Sai dai binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka fitar a 2006 ya nuna cewa a kudancin Maraɗi, inda jama'a ta yi yawa gonaki suka tsuke, mata ne na farko da ke rasa gamanarsu, kuma da yawansu sun koma neman rabonsu ta hanyar gadon Musulunci, tun da al'ada ba ta ba su ƙasa. Ma'aikacin Kofo da bai san wannan ba zai rubuta takardar gona da sunan maigida, ya tafi yana ganin ya gama aiki.

Inda bincike ya fi taɓa wurin ciwo shi ne gidan likita. A 2001 waɗansu masana, cikinsu akwai Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tijani Alu, malamin ilimin siyasa a jami'ar Yamai, suka kafa cibiyar LASDEL, mai reshe a Paraku ta ƙasar Benin. Hanyar aikinsu ba raba takardun tambaya ba ce. Mai bincike yana zama a kan bencin jira kwana da kwanaki, yana magana da mutane da Hausa ko Zabarmanci, yana kallon wanda aka shigar da wanda aka bari a rana, yana sauraron ungozoma da mai shara da mai gadi. Littafin da Yannick Jaffré da Olivier de Sardan suka jagoranta a 2003 ya tattara abin da aka gani a birane biyar: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Ko'ina hoton ɗaya ne. Majinyacin da ke da sanayya ana tarbarsa da fara'a. Wanda ba shi da kowa ba a amsa gaisuwarsa, ba a gaya masa sunan cutarsa, wani lokaci sai ya ba da na goro kafin a dube shi. Masu binciken ba su ɗora laifin duka a kan ma'aikata ba. Sun nuna albashin da ba ya isa, da kayan aikin da babu, da shugabannin da ba su hora mai laifi ba su yaba wa mai ƙoƙari. Suka ce a kowace ma'aikata dokoki biyu ne ke aiki: ta takarda, da wadda sabon ma'aikaci ke koya cikin watansa na farko ta kallon na gaba da shi. Gyaran da ya taɓa ta farko kaɗai ba ya kai wa ga majinyaci.

Maganin kyauta ya tabbatar da maganarsu. A 2005 gwamnati ta yafe kuɗin yi wa mai naƙuda aiki, a 2006 ta yafe kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Iyaye mata suka cika gidajen likita, kuma babu mai musun rayukan da aka ceta. Amma kafin nan kuɗin da majinyata ke biya shi ke sayen sabon magani. Da aka yafe shi, sai gidan likita ya yi jinya, ya rubuta takardar bashi, ya aika Yamai, ya zauna jiran biya. Biyan ya riƙa makara wata da watanni, wani har shekara. Ɗakunan magani suka bushe, uwa ta zo da ɗanta a duba shi kyauta, a miƙa mata takarda ta je ta sayo magani a waje. Littafin da Olivier de Sardan da Valéry Ridde suka fitar a 2014 a kan Burkina da Mali da Nijar ya bi wannan sarƙa zobe bayan zobe: an yanke shawara a sama da gaggawa, ba a ƙididdige kuɗinta ba, ba a tambayi waɗanda za su aiwatar da ita ba. Ma'aikacin da uwar yaro ta zaga a bakin taga ba shi ne ya riƙe kuɗin ba.

Duk wannan ilimi daga bakin talakawa ya fito, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, amma da Faransanci aka rubuta shi, kuma da yawa daga littattafan a Pari aka buga su. LASDEL tana sa rahotanninta a intanet kyauta, abin yabo ne, sai dai wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ba ya cin moriyarsu. Shi kuwa ma'aikacin gwamnati da ya iya Faransanci, ba shi da uzurin kafa sabon tsari bai buɗe su ba. Fassara taƙaitattun sakamako, da karanta su a gidajen rediyon karkara, da kai su gaban kwamitin gidan likita ko na Kofo, ba aiki ne mai tsada ba in an gwada shi da kuɗin binciken kansa.

A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ta Damagaram tana ɗauke da sunan Andire Salifu, ta Tawa da sunan Jibo Hamani. Ɗalibin da ke rubuta kundinsa a can yanzu, tsakaninsa da ƙauyen da ya yi tambayoyinsa bai fi tafiyar safiya ɗaya a motar kasuwa ba.