-O3 da tsofaffin kwamfutocin Samaru

A 2025 kamfanin Canonical ya gwada gina manhajojin Ubuntu da matakin -O3 na kompailar GCC a maimakon -O2, sannan ya ja da baya. Fayiloli sun kumbura, wasu manhajojin sun ƙara nawa wajen buɗewa, saurin da aka samu kuma bai taka kara ya karya ba. Masu kula da Linux tun 2022 suka cire wannan zaɓi. Duk da haka ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru yakan ga 3 ta fi 2, ya rubuta ta kansa tsaye. Asara ce, kuma a nan ta fi ciwo.

Yawancin dabarun da -O3 ke ƙarawa da girman fayil ake biyan kuɗinsu. Kompaila ta ga ɗan aikin da ake yawan kira, sai ta kwafe shi ta liƙa duk inda aka neme shi. Ta ga umarnin da ke maimaituwa, sai ta warware su ta jera. Tsalle-tsalle ya ragu, umarni sun yi yawa. To ma'ajiyar umarni da ke jikin firosesa, a tsofaffin Core i5, kilobait 32 ce kacal, mai bi mata 256. Da kaya sun fi ƙarfinsu sai firosesa ya zauna jiran ma'ajiya mai nisa wadda ta fi nawa, ribar ta zube.

Masu ƙirƙirar dabarun a manyan injuna suke awo. Kwamfutar da ake saye ta hannu a shagunan Sabon Gari daban ce: RAM gigabait 4, faifai mai juyawa, batirin da ya gaji. Fayil ya ƙara girma, faifan ya daɗe yana karanto shi. Ginin kansa ya ƙara tsawo, fanka na kuka, ana cikin haka a ɗauke wuta a koma farko.

Gaskiya ne mai lissafin tarin alƙaluma, irin na masu bincike a cibiyar binciken aikin gona ta IAR, yana iya ganin amfanin -O3. Sai dai tun GCC 12, a 2022, an sauko da sassauƙan nau'in dabarar lissafa lambobi da yawa a bugu ɗaya zuwa -O2, hujjar ta rage kauri.

Masu gyaran waya ma sun ga irinta. Android 5 na fassara kowace manhaja gaba ɗaya lokacin saka ta, ta cinye wuri, wayar ta daɗe tana tashi bayan sabuntawa. A 2016 Android 7 ta koma fassara sassan da aka fi amfani da su kawai, shi ma sai waya na caji ba a taɓa ta.