Faɗaɗa Hanyoyin Bincike da Ƙirƙira ga Ɗaliban Jami'a

Jama'a, kowace shekara iyaye da yawa a ƙasar nan sukan sayar da hatsi ko dabba, wasu har su ci bashi, domin su tura 'ya'yansu jami'a. Idan yaro ya kai shekarar ƙarshe, sai ya aiko gida cewa ana bukatar kuɗin "furojet". Uba ya yi ƙoƙari ya biya, sau da yawa kuwa bai san abin da ya biya ba. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a ma'anar wannan aiki, da dalilin da ya sa ya kamata a faɗaɗa shi ya game ɗalibai tun daga farkon karatunsu, da kuma abin da ya rataya a wuyan kowa daga cikinmu.

Mene ne bincike?

Aikin jami'a kashi uku ne: koyarwa, da bincike, da yi wa al'umma hidima. Koyarwa ita ce miƙa wa yaro ilimin da aka riga aka sani. Bincike kuwa shi ne neman amsar tambayar da ba a riga an amsa ba, ta hanyar da wani zai iya bi ya tabbatar da gaskiyar abin da aka samu.

Ga misali. Kowane manomi ya san yadda ƙwari ke huda wake a rumbu. Ɗalibin aikin gona zai iya auna wake mudu talatin, ya raba shi kashi uku daidai. Kashi na fari ya zuba a buhu kamar yadda aka saba, na biyu ya gauraya da toka ya zuba a tulu, na uku ya ɗaure a cikin leda mai kauri wadda iska ba ta shiga. Kowane wata sai ya ɗebi ƙwaya 100 daga kowane kashi, ya ƙirga masu huji, ya rubuta. Bayan wata shida yana da hujja a hannu. In ya tarar waken cikin leda ya fi tsira, sai ya nemi dalili, watau ƙwarin sun shaƙe iskar da ke ciki har ta ƙare, suka kasa ci da haihuwa. Wannan shi ne bincike: tambaya, da duba abin da magabata suka rubuta, da gwaji, da rubuta sakamako, sa'an nan a kai shi gaban masana su tantance.

Ƙirƙira 'yar'uwar bincike ce. Ɗalibin da ya ƙera injin sussuka, da wanda ya tsara ginin da zai yi sanyi ba tare da fanka ba, da wadda ta rubuta wasan kwaikwayo a kan auren dole, da mai zane ko sassaƙa, dukansu tambaya suke amsawa, sai dai amsar tasu aba ce da ake gani ko ake ji.

Abin da tarihi ya nuna mana

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta biyo baya a 1960, sa'an nan a 1962 aka fara karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Legas, da ta Ife. Tun a wancan zamani an ga abin da ɗalibi zai iya in an ba shi fili.

A 1958 wasu ɗalibai masu koyon zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Tambayarsu ita ce: don me za a koya mana zanen Turai kaɗai, alhali muna da namu na gado? Sai kowa ya koma ga al'adun garinsu ya yi nazari, ya haɗa da dabarun da ya koya a aji. Uche Okeke ya ɗauko zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Waɗannan samari su ne suka zama jagororin zanen zamani a Nijeriya, kuma a 2023 an karrama Demas Nwoko da babbar lambar yabo ta tsara gine-gine a birnin Banis na ƙasar Italiya.

A wannan shekara ta 1958 ɗin dai, ɗaliban Ibadan suka fara fitar da wata 'yar mujallar waƙoƙi mai suna The Horn, J. P. Clark shi ne editanta na farko. Daga irin waɗannan ƙananan mujallu na ɗalibai manyan marubutan ƙasar nan suka fara gwada alƙalaminsu.

Haka kuma a fannin tarihi da harshe. An fara shirin binciken tarihin Arewa a 1964, aka kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. A jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, ɗalibai sun yi ta komawa garuruwansu suna zama gaban dattawa, suna rubuta tarihin masarautu, da rayuwar makaɗa da mawaƙa, da sirrin sana'o'i irin su jima da rini da ƙira. Da yawa daga cikin dattawan nan sun riga mu gidan gaskiya, abin da ya rage na iliminsu shi ne abin da ɗaliban suka rubuta a kundayen digirinsu.

Amfanin da ƙasa ke samu

Wanda duk ya shuka irin gyaɗa, ko masara, ko dawa, ko wake mai suna da ya fara da "SAM", to ya ci moriyar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta ya faro tun 1922, ta kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kowane iri sai da aka yi shekaru ana gwada shi a gona kafin a sake shi ga manoma.

Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, ya lura da yadda kayan lambu ke ruɓewa a ƙauyukan da ba wutar lantarki. Sai ya sa tukunyar ƙasa a cikin wata babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke bushewa sai ya tafi da zafin da ke cikin ƙaramar tukunyar, kayan da kan lalace cikin kwana uku su kai makonni. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yumɓu da yashi da ruwa kawai ya yi amfani da su, sauran kuwa lura ce da gwaji.

A watan Maris na 2020, wata cibiya ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun ita ce ta fara karanta tsarin halittar ƙwayar cutar korona a duk Afirka. Masu irin wannan ƙwarewa ba rana ɗaya ake samunsu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda bai taɓa riƙe kayan gwaji yana ɗalibi ba, da wuya ya iya rana tsaka.

Abubuwan da ke kawo cikas

Gaskiya ɗaya ce, akwai matsaloli, kuma ɓoye su ba zai yi magani ba.

Na farko, yawancin ɗalibai ba sa fara bincike sai a shekarar ƙarshe, lokacin da hankalinsu ya koma kan jarrabawa da fita. Na biyu, ɗalibai sun yi wa malamai yawa, malami ɗaya yakan duba aikin ɗalibai masu yawan gaske, har ya kasa zama da kowannensu yadda ya kamata. Na uku, ƙarancin kayan aiki, da sinadarai, da wutar lantarki a ɗakunan gwaje-gwaje. Na huɗu, dogon yajin aiki, irin na 2020 da na 2022, yakan katse gwaji, shukar da aka sa ido a kanta ta bushe, a koma farko.

Na biyar kuwa shi ne mafi muni, watau sayen kundi. Wasu ɗalibai sukan kai kuɗin da iyaye suka aiko shagunan buga takardu, a kwafo musu aikin wani, a canza suna da shekara. Wannan sata ce, kuma jami'o'i suna da manhajar kwamfuta mai gano ta. Wanda aka kama yana iya rasa digirinsa. Wanda ba a kama ba ma ya yi hasara, domin ya fito da takarda ba tare da ilimin da take shaida ba. Ku duba fa, injiniyan da ya sayi kundinsa shi ne gobe zai auna ƙarfin gadar da za ku bi.

Hanyoyin faɗaɗa wannan dama

Faɗaɗawa tana nufin ɗalibai da yawa su shiga bincike, su fara da wuri, su kuma sami mai duba su da kayan aiki. Ga hanyoyin da jami'a za ta iya bi:

1. A fara tun aji ɗaya da aji biyu da ƙananan ayyuka, kamar auna tsabtar ruwan rijiyoyin unguwa, ko bin farashin hatsi a kasuwa na tsawon zango guda. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja, inda ta tsara kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. A cikin wannan kaso akwai filin sa darussan bincike.

2. A jingina ɗalibi da aikin malaminsa, kamar yadda ɗan koyo ke zama a maƙera. Ya wanke kwalabe, ya auna, ya rubuta, har hannunsa ya faɗa. In an buga sakamakon, a sa sunansa gwargwadon aikin da ya yi.

3. A haɗa ɗalibai na sassa daban-daban a kan matsala guda. Zaizayar ƙasa, alal misali, tana bukatar mai ilimin ƙasa, da injiniya, da mai ilimin zaman jama'a, da mai iya tsara wasan kwaikwayon da zai faɗakar da mutanen gari.

4. A yi amfani da zaman koyon aiki. Asusun Horar da Ma'aikata, wanda aka kafa a 1971, ya fara shirin SIWES a 1973, inda ɗalibai kan yi 'yan watanni a masana'antu da ma'aikatu. Kamata ya yi ɗalibi ya dawo daga can da tambayar da zai gina kundinsa a kanta.

5. A ware rana guda kowace shekara ta baje kolin ayyukan ɗalibai, a gayyaci manoma, da 'yan kasuwa, da masu sana'a, da sarakuna. A kuma farfaɗo da mujallun ɗalibai, a ajiye kundaye a kwamfuta inda kowa zai iya karantawa, maimakon su yi ta shan ƙura a kan kanta.

6. A kare haƙƙin mai ƙirƙira. Dokar rajistar ƙirƙira ta 1970 da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 sun tanadi kariya. Ɗalibin da ya ƙera sabon abu ya nemi shawarar ofishin da ke kula da wannan a jami'arsa kafin ya bayyana sirrinsa.

Ina za a sami kuɗi?

A 1993 aka kafa dokar harajin ilimi, wadda ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka mai da asusun ya zama TETFund, mai kula da manyan makarantu na gwamnati, a 2023 kuma aka ɗaga harajin zuwa kashi 3. Daga wannan asusu ake gina ɗakunan gwaje-gwaje da na karatu, ake kuma ba malamai tallafin bincike. Malamin da ya sami tallafi, ya kyautu ya jawo ɗalibai cikin aikin. Ban da wannan, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da attajirai, da ƙungiyoyin ci gaban gari suna iya ɗaukar nauyin ƙananan ayyuka. Sau da yawa abin da ke tsai da ɗalibi bai wuce kuɗin mota zuwa ƙauye da kuɗin 'yan sinadarai ba.

Haƙƙinku idan mai bincike ya zo

Mutane da yawa suna ɗari-ɗari da masu bincike, musamman tun bayan gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, wanda ya kai ga shari'a. Saboda haka ya kamata kowa ya san haƙƙinsa. Ɗalibi ya fara gabatar da kansa wurin mai unguwa ko dagaci, ya nuna takardar makarantarsa. Ya bayyana muku manufar aikinsa da harshen da kuke ji. Ba dole ba ne ku amsa, kuma kuna da ikon janyewa ko da an fara. Ba shi da izinin bayyana sunanku sai da yardarku. Binciken da ya shafi lafiyar jiki kuwa, sai kwamitin ɗa'a ya amince da shi tukuna. In waɗannan sharuɗɗa sun cika, ku taimaka masa da gaskiyar abin da kuka sani, domin amsar ƙarya takan haifar da sakamakon ƙarya.

Kira ga kowa

Ya ku iyaye, idan an nemi kuɗin furojet, ku tambayi yaronku a kan me yake bincike, ku sa ya bayyana muku da Hausa. Wanda ya yi aikinsa da kansa ba zai yi inda-inda ba. Ku ba 'ya'ya mata dama daidai da maza, akwai tambayoyin cikin gida, na haihuwa da reno da abinci, waɗanda mace ce kaɗai za a buɗe wa ƙofa ta yi su.

Ya ku malamai, ku tuna wani ne ya zauna da ku har kuka iya. Ya ku masu sana'a da manoma, ku kai matsalolinku jami'ar da ke kusa da ku, da dukiyar jama'a aka gina ta.

Ku kuma ɗalibai, ku zaɓi tambaya ƙarama wadda za ku iya kai ta ƙarshe, ku riƙe littafin rubuta abin da kuka gani kullum, ku faɗi sakamako yadda ya zo ko da ya saɓa wa abin da kuka zata. Gwajin da bai ci nasara ba ma ilimi ne, domin ya hutar da na baya. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata.

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi, ya daure ya karanta wa wanda bai iya ba.