Abuja zuwa Samaru Kataf: tsimin mai na ƙafar direba

Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, zuwa ganin gida ya koma abin lissafi ga ma'aikaci. Amma mai bin hanyar Kwoi, Kafanchan da Kagoro zuwa Samaru Kataf na iya rage asara.

Gudun da ya haura kilomita 90 a awa yana ƙara shan mai. A saki totur tun daga nesa kafin shingen jami'an tsaro, a kuma duba iskar taya da sassafe. A gangara kada a cire giya, domin motocin zamani kan datse mai da kansu idan an ɗaga ƙafa. Doya da cittar da ake labta wa mota a dawowa ma, tanki ke biyan kuɗin dakonsu.