Harajin Aikin Intanet da Tarkon Shafukan Bogi: Faɗakarwa ga Al'ummar Gwarzo da Kabo

Tun bayan ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, sakamakon sauya fasalin kuɗi da Babban Bankin Najeriya ya yi, hada-hadar kuɗi ta waya ta samu gindin zama a garuruwan yammacin Jihar Kano, ta yadda a yau mai sayar da hatsi a kasuwar Getso, da mai shago a Sabon Birni, da ɗan acaɓa a Garo, duk suna karɓar kuɗi ta hanyar turawa, suna jiran shigowar alat kafin su sallami abokin ciniki. A gefe guda kuma an samu rukunin matasa da suke neman abinci ta intanet ba tare da sun bar garinsu ba, wasu suna fassara tsakanin Hausa da Ingilishi, wasu suna zane da tsara hotuna, wasu suna samun kuɗi daga YouTube da Facebook, wasu kuma suna cinikin kuɗin kirifto. Waɗannan rukunoni biyu ne labarin sababbin dokokin haraji ya fi tayar wa hankali, kuma su ne 'yan damfara suka fi kai wa farmaki, domin mai damfara ba ya cin kasuwa sai inda tsoro ya yi yawa, sani ya yi ƙaranci.

Abin da dokar ta tanada

A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan dokoki huɗu na gyaran tsarin haraji, waɗanda suka samo asali daga aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta, aka kuma sanya ranar 1 ga Janairu, 2026 a matsayin ranar fara aiki da sabon tsarin biyan harajin. Ɗaya daga cikin dokokin ta sauya hukumar tara haraji ta tarayya daga FIRS zuwa NRS, sai dai harajin kuɗin shigar mutum, wato abin da ake karɓa daga albashi ko ribar sana'ar ɗaiɗaikun jama'a, yana hannun jihar da mutum yake zaune, wanda ke nufin mazaunin Gwarzo ko Kabo yana hulɗa ne da Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano, wadda aka fi sani da KIRS.

Dattawan wannan yanki ba su manta da zamanin haraji da jangali ba, lokacin da ake yanka wa kowane baligi da kowace saniya kuɗi ko an samu ko ba a samu ba, har zuwa lokacin da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta jam'iyyar PRP ta soke su bayan hawanta mulki a 1979. Tsarin da ake magana a kai yanzu ya sha bamban da wancan, domin ana lissafa shi ne a kan abin da mutum ya samu a shekara, kuma naira 800,000 na farko babu haraji a kansu ko kaɗan. Abin da ya haura haka zuwa naira miliyan 3 ana karɓar kashi 15 cikin 100, daga nan zuwa miliyan 12 kashi 18, zuwa miliyan 25 kashi 21, zuwa miliyan 50 kashi 23, sannan abin da ya wuce miliyan 50 kashi 25. Kowane kaso yana hawa ne a kan ɓangaren kuɗin da ya faɗa cikin matakinsa kawai, ba a kan jimillar samun mutum ba.

Misali zai ƙara fito da lissafin fili. Matashin da yake fassara wa wani kamfani na ƙetare, wanda abin da ya rage masa bayan cire kuɗin da ya kashe wajen gudanar da aikin ya kai naira 200,000 a wata, ya samu naira miliyan 2 da 400,000 ke nan a shekara; idan aka ware naira 800,000 da aka yafe, saura miliyan 1 da 600,000, kuma kashi 15 na wannan shi ne naira 240,000, wato kwatankwacin naira 20,000 a wata. Idan yana zaman haya, dokar ta ba shi damar cire kashi 20 na kuɗin hayarsa na shekara, har zuwa iyakar naira 500,000, kafin a yi lissafin. Wanda kuwa samunsa bai wuce naira 60,000 a wata ba, jimillarsa ba ta kai matakin biya ba, don haka ba a binsa ko kwabo.

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin masu aikin nesa, wato waɗanda suke yi wa wani aiki ta intanet alhali suna gida, shi ne zaton cewa kuɗin da ya zo daga Amurka ko Ingila ba shi da alaƙa da Najeriya tunda ba a nan aka biya shi ba. Ƙa'idar ita ce duk wanda yake mazaunin Najeriya ana lissafa masa samunsa ko daga ina ya fito, a mayar da shi naira, kuma ribar da aka ci a cinikin kirifto ma tana cikin lissafin. Tun da kamfanin ƙetare ba ya cire wa ma'aikaci haraji ya miƙa wa Jihar Kano kamar yadda ake yi wa ma'aikatan gwamnati, nauyin yana kan shi mai aikin ya yi rajista, ya bayyana samunsa na shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris, domin ƙin bayyanawa yana jawo tarar naira 100,000 a watan farko da naira 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Saboda haka littafin da ake rubuta kuɗin da ya shigo, da ranar shigowarsa, da abin da aka kashe a data da gyaran na'ura, ya zama kayan aiki kamar ita kanta wayar.

Akwai kuma abubuwan da jita-jita ta cusa cikin dokar alhali babu su. Kuɗin da ɗa ya turo wa mahaifiyarsa daga Legas ko Saudiyya kyauta ne, ba samun sana'a ba, haka nan bashi da amanar da aka ajiye a asusun wani, kuma dokar ba ta ce a riƙa zaftare wani kaso daga duk kuɗin da ya shiga banki ba. Naira 50 da ake cirewa idan an tura naira 10,000 ko fiye wani caji ne da ya riga waɗannan dokoki, wanda aka faɗaɗa shi zuwa OPay da Moniepoint da PalmPay a watan Disamba na 2024.

Ƙofar da ɓarawo yake shigowa

Galibin saƙonnin damfara suna zuwa ne ta WhatsApp ko Facebook ko gajeren saƙo, ɗauke da wani shuɗin rubutu da ake dannawa, wanda jama'a suke kira linki, kuma da zarar an danna shi sai wayar ta buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita, irin su Chrome na kamfanin Google, da Firefox, da Opera Mini, da Phoenix da ake yawan samu a wayoyin Tecno da Infinix da itel. Shafin da zai buɗe yakan zo da tambarin gwamnati da launin kore da fari, yana cewa za a rufe asusun mutum idan bai yi rajistar lambar haraji ba, ko kuma ana rabon tallafi ga wanda ya cike fom kafin dare, sannan ya nemi lambar BVN, da lambar katin cirar kuɗi, da lambar sirri, daga ƙarshe ya nemi lambar OTP, wato lambar nan ta amfani sau ɗaya da banki yake turowa domin tabbatar da cewa mai asusun ne da kansa yake son fitar da kuɗi. Wanda ya bayar da wannan lamba ta ƙarshe ya sa hannu da kansa a kan kwashe masa kuɗi.

Kwaikwayon tambari da launi abu ne mai sauƙi, amma adireshin shafi ba ya kwaikwayuwa daidai da na asali, shi ya sa karanta shi ya fi komai muhimmanci. Adireshin yana bayyana ne a wani dogon gurbi a saman burauza, kuma ɓangaren da ake dubawa shi ne ƙarshen sunan, daf da karkatacciyar sanda ta farko. Shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya suna ƙarewa da .gov.ng, da ɗigo kafin kowane ɓangare, alhali na bogi sukan sanya sunan hukumar a farko domin ɗaukar ido, su maye gurbin ɗigo da karan ɗori, sannan su ƙare da wani abu daban kamar .xyz ko blogspot.com, wanda dandali ne da kowa zai iya buɗe shafi a cikinsa kyauta. Alamar kwaɗo da ake gani kusa da adireshi a wasu manhajojin ba shaidar gaskiyar masu shafin ba ce. Abin da take nufi kawai shi ne an kulle saƙon da ke tafiya tsakanin wayar da shafin, kuma ɗan damfara ma yana iya samun ta, wanda hakan na cikin dalilan da suka sa Chrome ya daina nuna ta a 2023.

Tsadar data, musamman bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data da ya kai kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, ta sa mutane da dama sun rungumi Opera Mini, wadda take rage cin data ta hanyar bi da shafuka ta na'urorin kamfaninta, a matse su kafin su iso waya. Wannan dabara tana da amfani wajen karanta labarai a inda sabis yake da rauni, amma harkar banki ta fi dacewa da manhajar bankin kanta da aka sauke daga Play Store, ko lambar bugawa da bankin ya bayar. Haka nan manhajojin da ake turawa daga waya zuwa waya ta Xender, ko a shagunan tura fina-finai, irin su GBWhatsApp wadda ba kamfanin WhatsApp ne ya yi ta ba, babu mai tabbacin abin da aka cusa a cikinsu, kuma manhajar da aka ba izinin karanta saƙonni tana iya ganin lambar OTP kamar yadda mai wayar yake ganin ta.

Wani haɗarin kuma ba daga nesa yake zuwa ba. A garuruwan da wutar lantarki ba ta wadata ba, waya takan wuni a teburin mai caji cikin tarin wasu wayoyin, da ɗan tikiti manne a bayanta, kuma mutane da yawa, musamman tsofaffi da matan aure, sukan miƙa wa wani wayar ko katin su faɗa masa lambar sirri domin ya yi musu turawa. Mafi yawan masu caji da masu POS mutane ne masu riƙon amana, amma wayar da ba ta da makulli, wadda burauzarta ta adana kalmomin sirri, kuma layin da aka yi rajistar banki da shi yana cikinta, ta zama asusu a buɗe ga duk wanda ta faɗa hannunsa. Sanya makullin allo, da sanya lambar sirri a kan layin kansa, da rufe hannu yayin danna lamba a na'urar POS, matakai ne da ba sa cin ko sisi.

Kwaɗayin riba ba wahala

Ba tsoro kaɗai ake farautar mutane da shi ba, har da kwaɗayi. Tsarin MMM ya durƙushe a watan Disamba na 2016, CBEX kuma ya rufe a watan Afrilu na 2025 da kuɗaɗen ɗimbin jama'a bayan alƙawarin ninka jari cikin wata guda, kuma dukkansu salonsu ɗaya ne, wato biyan na farko da kuɗin na baya har ranar da masu shigowa za su ƙare. Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan tsari, ta kuma ɗora wa hukumar SEC alhakin yi wa kamfanonin zuba jari rajista, don haka duk wanda ba ya cikin rajistarta bai cancanci a ba shi kuɗi ba, komai yawan mutanen gari da suka ce sun ci riba. Hausawa sun riga sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Matakin da ya kamata a ɗauka

Idan mutum ya fahimci ya bayar da bayanansa a shafin bogi, ko wayarsa ta ɓata, mintunan farko su ne masu tsada, domin haka ya kamata ya rufe asusunsa nan take ta hanyar kiran bankinsa ko buga lambar rufe asusu da bankuna suke bayarwa, wadda ake iya bugawa ko da wayar wani ce, sannan ya je ofishin kamfanin layinsa a dakatar da layin, ya kuma kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano. Ƙorafin da ya shafi kamfanonin waya ana kai shi ga NCC ta lambar 622 kyauta. Duk wata tambaya a kan haraji kuwa, ofishin KIRS ne wurin yin ta, ba zauren WhatsApp ba, kuma duk kuɗin da za a biya a biya shi ta hanyar da hukumar ta tanada, a karɓi rasit.

Da yake ba kowa ne yake karatun boko ba, nauyin isar da wannan bayani yana kan waɗanda jama'a suke saurara, wato dagatai da masu unguwanni, da limamai a bayan sallar Juma'a, da malaman Islamiyya da suke zama da mata, da su kansu masu POS waɗanda kusan kowane gida yake bi ta hannunsu. Saƙon da za su isar gajere ne da kowa zai iya riƙewa: babu banki, babu hukumar haraji, babu ma'aikatar rabon tallafi da za ta nemi lambar sirri ko OTP ta waya ko ta linki, kuma duk wanda ya nema, ko da ya ambaci cikakken sunan mutum da garinsu, a kashe wayar a je a tambaya da baki.